Kalmar «evoke» ta Ingilishi: asalinta, aikinta cikin jimla da matsalar fassara ta

1. Gabatarwa

Cikin kalmomin da ke ba mai fassara wahala akwai waɗanda bai taɓa gani ba, kuma waɗannan da sauƙi, domin yakan tsaya ya buɗe ƙamus. Akwai kuma waɗanda yake tsammanin ya san su tun yana makaranta, sai ya wuce su a guje ba tare da bincike ba. Kalmar Ingilishi «evoke» tana cikin kashi na biyu ga duk wanda ya yi karatunsa da Faransanci, saboda da zarar ya gan ta sai ya ga «évoquer», ya ɗauka abu guda ne. Alhali kalmomin nan biyu, ko da yake uwarsu ɗaya, kowace ta kama hanyarta.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan takarda guda tana iya ratsa harsuna uku kafin ta kai kunnen manomi a Madawa ko ɗan kasuwa a Matamai, kuma kuskuren da aka yi a matakin farko yakan bi ta har matakin ƙarshe.

A wannan maƙala za mu duba asalin kalmar, da yadda take zama cikin jimla, da ma'anoninta, da bambancinta da ƴan uwanta na Ingilishi da na Faransanci, sannan mu ga hanyoyin da Hausa take bi wajen faɗin abin da take nufi. Mun zaɓi cewa Ingilishi maimakon Turanci domin a wurare da dama na ƙasarmu kalmar Turanci tana iya ɗaukar kowane harshe na Turawa. Tauraro a gaban misali yana nuna cewa jimlar ba karɓaɓɓiya ba ce.

2. Asalin kalmar

«Evoke» ta fito daga aikatau na Latin «evocare», wanda ya ƙunshi sassa biyu: ɗafa-goshi «e-», gajeren «ex-», mai ma'anar daga ciki zuwa waje, da «vocare», wato kira. Shi kuma «vocare» dangin «vox» ne, wato murya. Ma'anar farko ke nan ita ce a kira abu ya fito daga inda yake.

Romawa sun yi amfani da kalmar a wurare biyu da ya kamata mu sani. Na ɗaya shi ne sha'anin soja: tsohon soja da ya gama wa'adinsa ya koma gida, in aka sake kiransa bakin daga, sunansa «evocatus». Na biyu shi ne wata al'ada ta yaƙi mai suna «evocatio». Idan rundunar Roma ta kewaye wani birni, jagoranta yakan kira abin bautar da ke tsaron birnin, ya roƙe shi ya fito ya bar mutanensa, bisa alkawarin za a gina masa ɗakin bauta a Roma. Marubucin tarihi Titus Livius ya ba da labarin yadda Camillus ya yi haka ga Juno a birnin Veii a shekara ta 396 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma ɗauko gunkinta aka kai Roma bayan an ci birnin.

Kalmar ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 17, kuma a lokacin ta fi tafiya da kiran aljanu da ruhohin matattu. Sai a ƙarni na 19 ma'anar da muka fi sani yanzu ta yaɗu, wato tayar da tunani ko wani yanayi na zuciya. Abin lura a nan shi ne tsohuwar siffar ba ta ɓace ba. Har yanzu mai magana da Ingilishi, in ya yi amfani da «evoke», yana ɗaukar abin da aka tayar a matsayin wani abu da ke kwance a ɓoye, ba a ganinsa, sai wani dalili ya zo ya fito da shi fili. Mai karatun da ya san yadda mai goge ko mai garaya yake kaɗa taken wani iska a wasan bori har iskan ya zo, ya riga ya riƙe tushen ma'anar.

3. Lafazi da rubutu

Kalmar gaɓa biyu ce, kuma nauyin furuci yana kan gaɓa ta biyu. Daga gare ta ake samun sifa «evocative», mai nauyi a gaɓa ta biyu, da suna «evocation», mai nauyi a gaɓa ta uku. Aikatau ana rubuta shi da harafin k, sifa da suna da harafin c, kuma babu qu irin na Faransanci ko a ɗaya.

Akwai matsala ta kunne da ta shafi Bahaushe. Hausa ba ta da sautin v, saboda haka yakan koma b ko f a bakinmu. Bayan haka, abin da ya raba «evoke» da «invoke» a furuci ɗan sautin hanci ne kawai a gaɓar farko, wadda ba ta ɗauke da nauyi. Tafinta da ke fassara magana baki da baki yana iya jin ɗaya a madadin ɗaya, don haka ya fi kyau ya dogara da sauran jimlar.

4. Zaman kalmar cikin jimla

«Evoke» aikatau ne so-karɓau, ba ya tsayawa shi kaɗai. Abubuwa uku ne ke tattare da shi: abin da ya tayar, abin da aka tayar, da mutumin da abin ya taso a zuciyarsa. Mu duba misalai:

(1) The smell of wet earth evokes my childhood in Tessaoua.
Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tuno mini da ƙuruciyata a Tasawa.

(2) The old photograph evoked deep sadness in her.
Tsohon hoton ya tayar mata da baƙin ciki mai tsanani.

(3) The announcement evoked no response from the traders.
Sanarwar ba ta sa ƴan kasuwa sun ce uffan ba.

4.1. Aikau. A misalan nan uku, aikau ƙamshi ne, da hoto, da sanarwa. Wannan shi ne ya fi yawa: abin da ake ji da hanci ko kunne, ko ake gani da ido, ko ake ɗanɗanawa. Mutumin da tunanin ya zo masa ba ya zama aikau. Saboda haka wanda yake so ya ce yana tuna kakarsa kullum da maraice ba zai ce (4) ba, sai (5):

(4) *I evoke my grandmother every evening.
(5) I remember my grandmother every evening.

Mutum yana zama aikau ne idan shi ne yake tayar da abin a zukatan wasu ta hanyar aikinsa, kamar marubuci, ko mawaƙi, ko mai zane, ko mai jawabi:

(6) The novelist evokes the old market of Zinder in a few pages.
Cikin ƴan shafuka kaɗan marubucin ya kawo tsohuwar kasuwar Damagaram gaban idon mai karatu.

4.2. Karɓau. Abin da aka tayar shi ne karɓau kai tsaye, kuma koyaushe suna ne ko yankin suna. Sunayen da suka fi bin wannan aikatau su ne «memories», «images», «feelings», «sympathy», «nostalgia», «response», wato abubuwan tunawa, da siffofi, da abin da zuciya ke ji, da tausayi, da begen abin da ya wuce, da martani. Ba a bin sa da jimla mai farawa da «that», ba a kuma bin sa da «to» da wani aikatau.

4.3. Mai ji. Mutumin da abin ya taso masa sau da yawa ba a ambatonsa sam, kamar yadda aka gani a (6). Idan za a ambace shi, sai a gabatar da shi da ƴar kalma: «in» idan yanayin zuciya ne, «from» idan martani ne, «for» idan abin tunawa ne. Ba ya zama karɓau. A nan ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, domin Faransanci yana cewa «cette chanson m'évoque mon village», Hausa kuma tana cewa waƙar nan ta tuna mini da garinmu. Harsunan biyu sun haɗu sun tura ɗalibi ya rubuta (7) ko (8), alhali (9) da (10) ne daidai:

(7) *This song evokes me my village.
(8) *This song evokes me of my village.
(9) This song evokes my village.
(10) This song reminds me of my village.

Sifa «evocative» ita ce ke ɗaukar «of», kamar a «a tune evocative of the harvest», wato sautin da ke tuno da kaka. Tana kuma iya tsayawa ita kaɗai a matsayin yabo ga rubutu ko hoto.

5. Fannonin ma'ana

5.1. Tunani da yanayin zuciya. Wannan ita ce ma'anar yau da kullum. Abin da ya keɓe ta shi ne mai ji ba shi ne ya nema ba. Abin ya zo masa ne ba shiri, kuma ya zo da cikarsa, da launi da ƙamshi da zafi ko daɗi. Sanannen misali a adabin Faransa yana cikin littafin Marcel Proust na 1913, «Du côté de chez Swann», inda ɗanɗanon ɗan gutsuren cincin da aka tsoma a shayi ya dawo wa mai ba da labari da garin ƙuruciyarsa kacokan. Ba banza ba ƙamshi yake yawan zama aikau na wannan kalma: jijiyoyin hanci suna isa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da shauƙi da ajiyar tunani ta gajeriyar hanya, ba kamar na ido da na kunne ba, waɗanda sai sun ya da zango a wata cibiya tukuna.

5.2. Adabi da fasaha. Masu sharhin littattafai da zane da kiɗa suna amfani da kalmar idan aiki ya sa mutum ya ji kamar yana wani wuri ko wani zamani, ba tare da an lissafa masa kome da kome ba. Wanda ya ƙidaya rumfunan kasuwa ya faɗi kayan kowace, ya yi abin da Ingilishi ke kira «describe». Wanda ya ambaci ƙaurin kilishi da kukan jakuna da ƙurar la'asar kawai, har mai karatu ya ji kansa a tsakiyar kasuwar, shi ne ya yi «evoke».

5.3. Martani. A harshen jarida da na hukuma, kalmar tana nufin jawo amsa daga jama'a, kamar a misali na (3): dariya, ko suka, ko tafi, ko tausayi.

5.4. Likitanci. Idan aka haska wa mutum fitila a ido ko aka sa masa wata ƴar ƙara a kunne, ƙwaƙwalwa takan amsa da ƙanƙanen motsin lantarki da ake iya aunawa ta wayoyin da aka manna a fatar kai. Wannan amsa ita ce «evoked potential», da Faransanci «potentiel évoqué». Da ita ake gwada jin jarirai sabbin haihuwa, waɗanda ba su iya faɗin ko sun ji ko ba su ji ba. A wannan fanni harsunan biyu sun yi daidai.

5.5. Ilimin harshe. Masanin harshe na Amurka Charles Fillmore, wanda ya rasu a 2014, ya ba kalmar aiki na musamman a maƙalarsa ta 1982 kan ilimin ma'ana. A ganinsa kowace kalma tana tayar da wani fage na sani gaba ɗaya, kuma ba a fahimtar ta sai an san fagen. Mu ɗauki misali daga Hausa. Kalmar la'ada ba ta da ma'ana ga wanda bai san dillali da mai kaya da mai saye da yadda ake sallamawa ba. Da an furta ta, duk waɗannan sun hallara a zuciyar mai sauraro ko ba a ambace su ba. Haka kalmar gara take kawo aure da dangin amarya da buhunan abinci. Wannan shi ne Fillmore ya kira «evoke». Amma idan aka ce: mun tashi da asuba, mun sa sabbin tufafi, mun nufi fili bayan gari, babu kalma ɗaya a ciki da ke nufin Salla, mai sauraro ne da kansa ya ɗauko wannan sani ya ɗora a kan maganar domin ta yi ma'ana. Wannan kuma ya kira shi «invoke». Rabon nan nasa yana da amfani ƙwarai ga sashe na gaba.

6. Ƴan uwanta cikin Ingilishi

6.1. «Invoke». Tushensu ɗaya, ɗafa-goshi ne ya bambanta. Mai yin «invoke» mutum ne ko hukuma, da niyya yake yi, kuma abin da yake kira wani iko ne da zai dogara da shi: sunan Ubangiji, ko ayar doka, ko wani haƙƙi, ko maganar magabata. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi aiki da sashe na 5 na yarjejeniyarta karo na farko, kuma «invoke» ita ce kalmar da ta dace da wannan mataki. A Hausa sai mu ce kafa hujja da, ko dogara da, ko yin aiki da, ko roƙo da sunan wani. A gwada:

(11) The lawyer invoked the constitution.
Lauyan ya kafa hujja da tsarin mulki.

(12) The lawyer evoked the misery of the widow.
Lauyan ya siffanta wahalar matar mamacin har ta ba kowa tausayi.

A (11) lauya yana magana da doka, a (12) yana magana da zukatan masu sauraro. Mai fassarar da ya musanya su ya sauya abin da ya faru a kotu.

6.2. «Provoke». Ita ma tana jawo martani, amma mai zafi, kuma tana ɗaukar mutum a matsayin karɓau. Hausarta tsokana, ko tunzurawa, ko harzuƙawa. Jawabin da ya yi «evoke» na fushi ya taso da fushin da ke kwance. Wanda ya yi «provoke» ana iya ɗora masa laifin abin da ya biyo baya.

6.3. «Remind» da «recall». «Remind» tana ɗaukar mutum a matsayin karɓau, tana kuma aiki ga abin da za a yi nan gaba, kamar a ce a tuna mini in sayi hatsi gobe. «Evoke» ba ta shiga nan ko kusa. «Recall» kuwa mutum ne yakan yi ta da ƙoƙarinsa, kamar shaida da ke neman tuno ranar da abu ya faru.

6.4. «Elicit». Wannan tana nufin fito da amsa daga bakin mutum da dabara ko tambaya, kamar yadda mai binciken harshe yake yi da wanda yake ɗaukar magana daga gare shi.

6.5. Sauran dangi. «Revoke» soke izini ne ko janye doka. «Convoke» tana nan amma da wuya a ji ta. Inda Faransanci ke cewa «convoquer», Ingilishi ya fi cewa «summon» ko «convene».

7. «Évoquer» ta Faransanci

Faransanci yana da mafi yawan ma'anonin da muka gani a sashe na 5, amma ya ƙara biyu. Ta ɗaya ta shari'a ce: kotun ɗaukaka ƙara tana iya janyo magana gaba ɗaya ta yanke hukunci har a kan abin da ƙaramar kotu ba ta kai gare shi ba. A Ingilishin yau ba a cika samun «evoke» da wannan ma'ana ba sai a littattafan tarihi.

Ta biyu ita ce mai haɗari, domin ita ce ta cika jaridu da sanarwar bayan taro: «évoquer» da ma'anar ambaton magana ko taɓo ta. Ingilishi na daidai ba ya ba «evoke» wannan ma'ana.

(13) Les deux ministres ont évoqué la question de la frontière.
(14) *The two ministers evoked the border question.
(15) The two ministers raised the border question.
(16) Ministocin biyu sun taɓo maganar iyaka.

A wani aikin koyar da fassara, mun taɓa ba rukunin ɗalibai na farko jimla irin ta (13) su mai da ita Ingilishi, muka miƙa abin da suka rubuta ga rukuni na biyu su mai da shi Hausa ba tare da sun ga asalin ba. Mafi yawan na farko sun rubuta (14). Na biyu kuwa, da suka buɗe ƙamus suka ga kalmar tana nufin tayar da tunani, sai suka rubuta cewa ministocin sun tuno da maganar iyaka. Kowane rukuni ya yi abin da yake ganin daidai ne, amma sakamakon ya nuna kamar maganar iyaka tsohon zance ne da ya wuce ake tunawa da shi, alhali magana ce da ke kan tabarma. Makiyayi ko ɗan kasuwar da ke sauraron rediyo domin ya san halin da hanya take ciki, an ba shi labarin da ba shi ne ba.

Akwai wani kuskure na daban da ya kamata a kiyaye. «Évoquer» a harshen diflomasiyya tana da sauƙin nauyi: an ambaci magana, ba lalle an zauna an tattauna ta ba. Wanda ya fassara ta da tattaunawa ya ƙara gishiri, wanda ya ce sun cimma matsaya ya yi ƙarya. Taɓo, ko ambata, ko ta da maganar, su ne suka yi daidai da nauyinta. A Ingilishi kuma «mention», «raise», «touch on» ko «refer to».

8. Hanyoyin Hausa

Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe duk filin «evoke», kuma wannan ba gazawa ba ce, domin Ingilishi ma ba shi da kalma guda da ta rufe filin saiwar tun- ta Hausa. Inda Ingilishi ya tanadi aikatau huɗu ko biyar mabambanta, Hausa ta ɗauki saiwa ɗaya tana sauya mata ɗafa-ƙeya bisa tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960: tuna a giredi na 1, tunasar da ko tunatar da a giredi na 5, tuno a giredi na 6, ga kuma sunaye tuni da tunani. Za mu kasa hanyoyin gida huɗu.

8.1. Giredi na 6. Ɗafa-ƙeyar -o tana nuna aiki ya nufo wajen mai magana: kira da kirawo, ja da jawo, tashi da taso, fita da fito, tuna da tuno. A nan Hausa ta fi kusa da asalin kalmar. Latin ya dubi inda abin ya baro, ya ce daga ciki zuwa waje. Hausa ta dubi inda ya nufa, ta ce daga can zuwa nan. Tuno ita ce ta fi dacewa da misali na (1), jawo da misali irin na (3), kawo da na (6). Mai ji yana shiga a matsayin kaikaitaccen karɓau: a daidaitacciyar Hausa a ce ya tuno wa Abdu, a karin yamma irin na Adar da Gobir a ce ya tuno ma Abdu.

8.2. Giredi na 5. Tayar da, ko ta da, tana ɗaukar yanayin zuciya a matsayin abin da ke kwance: ya tayar mata da baƙin ciki, ya ta da tsohon bege. Tunatar da kuwa ta fi kusa da «remind», domin tana ɗauke da niyya da nasiha.

8.3. Aikatau ba. Idan abin da aka tayar tausayi ne, ko tsoro, ko dariya, ko sha'awa, ko mamaki, Hausa ta fi son ta ce an ba mutum shi: ya ba ni tausayi, ta ba mu dariya. Daga nan ake samun abin ban tausayi, abin ban tsoro, waɗanda sau da yawa su ne fassarar jimlar Ingilishi mai «evoke pity» ko «evoke fear». Ana kuma iya juya jimlar, yanayin ya zama aikau: tausayi ya kama ni. Ingilishi yana ganin tausayi a cikin mutum ake kiransa ya fito; Hausa a nan tana ganin daga waje yake zuwa, a miƙa shi ko ya cafke mutum.

8.4. Kalmomin jiki. Sosa rai ko sosa zuciya ga abin da ya taɓa mutum a hankali. Fama, wato taɓa tsohon rauni, ga tunani mai ciwo: maganar nan ta fama mata miki. Tsuma ga abin da kirari ko take yake yi wa ɗan kokowa ko ɗan tauri har jikinsa ya ɗauki rawa. Kowace cikin waɗannan ta fi «evoke» ƙayyade irin abin da aka ji, don haka dole mai fassara ya karanta abin da ke gaba da baya kafin ya zaɓa.

Karin maganar nan da ke cewa tuna baya shi ne roƙo ta tattara abin da muka gani a sashe na 4.1 game da mutum a matsayin aikau. Maroƙi ba ya cewa ba ni. Yakan kira sunayen iyaye da kakannin wanda yake yi wa roƙo, ya jero kyautar da suka yi da halin girman da aka san su da shi, har mutumin ya ji su tsaye a kansa, hannunsa ya tafi aljihu. Da za a bayyana sana'arsa da Ingilishi, «evoke» ce kalmar da za a nema.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya tsayar da ƙa'idoji huɗu ga mai fassara da malamin Ingilishi. Na ɗaya, «evoke» tana bukatar karɓau, kuma karɓaun shi ne abin da aka tayar, mutumin da ya ji ba ya zama a wannan gurbi. Na biyu, idan hukuma ko lauya ya dogara da doka ko wani iko, «invoke» ake nufi. Na uku, idan «évoquer» ta zo a sanarwar taro ko labarin jarida, a fara gwada ta da taɓo ko ambata. In sun zauna daidai, to kada a rubuta «evoke». Na huɗu, wajen mai da ita Hausa a tambayi abin da aka tayar: in tunani ne a ɗauki tuno, in martani ne a ɗauki jawo ko sa, in tausayi ne ko tsoro a ɗauki ba, in tsohon ciwo ne a ɗauki fama.

Muna ba masu tsara ƙamus na harsuna uku shawara su ware wa kowace ma'ana layinta da misalinta, su kuma sa alamar gargaɗi a inda Faransanci da Ingilishi suka rabu. Irin wannan aiki yana jiran wasu kalmomin masu kama da juna a ido, kamar «actuel» da «actual», «éventuel» da «eventual», «assister» da «assist», waɗanda su ma suke ratsa takardunmu kullum kafin su iso Hausa.